Farcenka Na Riƙe Da Labarin Jikinka Na Wata Shida

Jama'a assalamu alaikum, ɗan ɗaga hannunka ka kalli farcenka yanzun nan kafin mu ci gaba. Farcen hannu tafiyar hawainiya yake, kamar milimita 3 a wata, sai ya yi wajen wata 6 kafin sabo ya maye gurbin tsoho gaba ɗaya, shi ya sa abin da ya samu jiki watannin baya yake barin sawu a kansa.

Misali mutum ya sha fama da zazzaɓi mai zafi, irin su taifod ko ƙyanda, ya warke har ya manta, bayan wasu makonni sai ya ga wani layi ya ratsa faratan a kwance kamar an zana da wuƙa. Lokacin ciwon ne tsiron ya ɗan tsaya, kuma layin zai yi ta tafiya gaba har a yanke shi.

Wanda ya fi damuna shi ne na ƙarancin jini, dan wallahi mata masu ciki da yara suna shan wahalarsa shiru. Farce ya yi fari fat ba ja-ja ɗin nan, wani lokacin ya yi laushi tsakiyarsa ta lotsa kamar cokali har ɗigon ruwa ya zauna, to sau da yawa sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, ne ya yi ƙasa. Iyayenmu mata, lalle ado ne amma yana rufe kalar farce, in kin je awo ki bari a duba tafin hannunki da cikin idonki, a gwada jinin, kar ki tsaya kemis ki sayi maganin ƙarin jini da ka.

In kuma kan yatsa ya kumbura kamar makaɗin ganga farcen ya lanƙwaso ya rufe shi, wannan huhu ko zuciya ake tuhuma, musamman in akwai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Haɗa bayan faratan manuniya biyu, ya kamata ka hango 'yar ƙofa tsakaninsu, in ta ɓace a je asibiti.

Ɗige-ɗigen fari kuwa kar ya tada maka hankali, yawanci bugewa ce.

Sai baƙin layi a tsaye. Mu baƙar fata da yawanmu muna da shi kuma lafiya lau. Amma in sabo ne, a yatsa ɗaya, yana ƙara faɗi ko baƙin ya fara malalowa kan fata, dan Allah kar a yi wasa. Bob Marley, shahararren mawaƙin nan na Jamaica, a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa kansar fata ta fara masa, da farko an ɗauka rauni ne ya ji a wasan ƙwallo, ita ta yi ajalinsa a 1981 yana ɗan shekara 36. Ka ɗauki hoton farcen da wayarka yau, ka kai wa likita ya gani da idonsa.