Sharhi: Ganuwar Yariko da shaidar tsingaro

Jama'a masu sauraro, yau mun nufi Yariko, a Yammacin Kogin Jodan, inda tudun Tell es-Sultan yake. Tudun nan hannun mutane ne ya tara shi: gari ya mutu, a gina wani a kan kufansa, haka shekara dubbai.

Masu tonon farko da Littafi Mai Tsarki a hannu suka zo, suna neman abin da suka karanta: labarin yadda ganuwar Yariko ta faɗi a gaban Yoshuwa, magajin Annabi Musa. Sai a 1890, a wani tudun mai suna Tell el-Hesi, masanin tonon kayan tarihi Flinders Petrie ya lura kowane zamani da irin tukwanensa, kuma na ƙasa sun girmi na sama. Tsingaron da ake shurewa da ƙafa ya zama abin ƙirga shekaru.

Tsakanin 1930 da 1936 John Garstang ya tona Yariko, ya tarar da rusasshiyar ganuwa, ya ce ai ita ce ta faɗi a zamanin Yoshuwa, wajen 1400 kafin haihuwar Annabi Isa. Duniya ta ɗauka.

Sannan Kathleen Kenyon ta zo, daga 1952 zuwa 1958. Aikinta ne ya fi burge ni, saboda haƙurinsa. Ramuka masu kusurwa huɗu take yankawa, ta bar bangon ƙasa tsakaninsu, ta karanta shi hawa-hawa: ga toka, ga daɓe, ga inda wani ya haƙa rami ya cakuɗa zamani biyu. Kowane tsingaro sai an rubuta hawan da ya fito. Da haka ta gano ganuwar Garstang ta girmi lissafinsa da ƙarnuka masu yawa, garin kuwa ya ƙone ne wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Amsar ba ta yi wa mutane da yawa daɗi ba, amma ta faɗi abin da ƙasa ta nuna mata, ni kuma nan nake ganin ƙimarta.

Awon kabon 14, wata hanyar gano shekarun abu wadda Willard Libby ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940, yana duba yadda sinadarin ke raguwa da rabi duk shekara 5,730 a jikin abu mai rai bayan ya mutu. A 1995 aka auna ƙonannen hatsin Yariko a Groningen ta ƙasar Holan, sakamakon ya goyi bayan Kenyon. Har yau akwai masu ja, suna cewa a sake duba tukwanen, kuma suna iya dubawa, don ta bar komai a rubuce.