Makonni Uku da Ajantina Ta Kwana Tana Kallon Ƙasan Teku

Hasken da ake gani a bidiyon da aka watso daga ƙasan teku ba na rana ba ne. Rana ba ta isa can. Daga zurfin mita 200 haskenta yake fara dusashewa, kafin a kai mita 1,000 kuwa an shiga duhu ƙirin. Fitilar wata na'ura ce mai suna SuBastian, tana lalube a wani kwazazzabo da ke ƙarƙashin tekun Atlantika, kimanin kilomita 300 daga gaɓar birnin Mar del Plata na ƙasar Ajantina.

Babu mutum a cikinta. Doguwar waya ce ta haɗa ta da jirgin ruwa mai suna Falkor (too), mallakar cibiyar Schmidt Ocean Institute. Matuƙanta suna zaune cikin jirgin gaban allunan talabijin, suna juya ta, suna miƙa hannunta na ƙarfe ya ɗauko abin da masana suka nuna. A wannan tafiya ta sauka har kusan mita 3,900. A can, ruwa yana danne abu da nauyin da ya ninka na iskar da muke ciki kusan sau 390.

Me ya kai su wurin? Nan ne ruwa biyu suke karo: mai ɗumi da yake gangarowa daga wajen Burazil, da mai sanyi da yake haurowa daga kudu. Inda suka gauraya abinci yakan yawaita, halittu su taru. Masanan Ajantina sun je a 2012 da 2013, amma da taru suka yi aiki. Taru kuwa abin da ya kamo kawai yake nuna maka, sau da yawa a murƙushe. Ba ka ganin yadda dabbar take zaune, ko wa take maƙwabtaka da shi.

A ƙarshen Yulin 2025 suka koma, ƙarƙashin jagorancin Daniel Lauretta na hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CONICET. Wannan karon duk abin da kyamara ta gani ana watsa shi kai tsaye a YouTube, har da hirar masanan.

To, sai abu ya kama kamar wutar daji. Akwai lokacin da mutum sama da 80,000 suke kallo a tare, jimillar kallo kuma ta haura miliyan 17 cikin makonni uku. Malamai suka riƙa kunnawa a aji. Gidaje suka bar shi a kunne har tsakar dare.

Ga wani abu da kyamarar ta nuna. Tauraron teku ne, ruwan lemo, manne a jikin dutse, da wasu tudu biyu da suka kumburo. 'Yan kallo suna ganinsa suka raɗa masa suna "mai ɗuwawu", sunan kuma ya bi shi. Gaskiyar magana, tauraron teku ba shi da gaba ba shi da baya, bakinsa ma a ƙarƙashinsa yake, a tsakiya. Amma fa sai da aka yi dariyar tukuna mutane suka tsaya jin wannan bayani. Haka wata halitta mai launin shunayya, doguwa kuma mulmulalliya, ta samu nata sunan: 'yar dankali.

Ni a ganina, ba kyan hoto kaɗai ya riƙe jama'a ba, don hotunan teku masu kyau sun cika intanet. Muryoyin ne. Yaro yana zaune a aji, sai ya ji babbar masaniya ta yi shiru, ta ce a matso da kyamara, ta tambayi abokin aikinta ko ya taɓa ganin irin wannan, shi ma ya ce a'a. Littafin makaranta amsa yake miƙa wa ɗalibi, an riga an dafa. Nan kuwa a madafa aka zaunar da shi. Ya rubuta tambaya, a karanta, a amsa masa da Sifaniyancin da ake yi a gidansu.

Ba murjani da kaguwa kaɗai aka gani ba. An ga leda, an ga takalmi, an ga tarkacen kayan kamun kifi, a zurfin da ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba.

Kuma abin ya zo daidai lokacin da gwamnatin shugaban ƙasar, Javier Milei, take zaftare kuɗin bincike, masana suna zanga-zanga kan albashi da guraben aiki. Mutanen da a da sunan CONICET kawai suke ji a labarai, yanzu sun san muryar ma'aikatanta.

Tawagar ta dawo da halittu kusan 40 da take zaton kimiyya ba ta san da su ba. Zato ne tukuna. Samfuran suna gidan adana kayan kimiyya na Buenos Aires, inda za a auna su, a duba ƙwayoyin halittarsu, a gwada su da waɗanda aka riga aka sani. Wannan aiki yakan ci watanni, wani ma shekaru, kuma babu kyamara a kansa.