Wuta a bodin tarakta: mita ce ke ƙarya?

Sadiya: Jama'a barkanmu. Saƙonninku duk abu ɗaya ne: taraktar lambu mai batir, an ɗora mitar awon wuta a bodi, ta nuna wuta. Malam Bala, bismilla.

Bala: To, a fara daina haɗa ta da mota. A mota baƙar waya a bodi take. Amma irin taraktar Elec-Trak da kamfanin General Electric ya ƙera a shekarun 1970, batir shida ne masu volt 6, jimla 36, kuma ba kan batir ko ɗaya, ja ko baƙi, da aka ɗaure a bodi. In wuta ta zubo waje ɗaya, tarakta za ta ci gaba da aiki lafiya lau. Ranar da ta biyu ta samu, ranar fiyus zai tafi, ko waya ta narke.

Kabiru: Ni dai mitata volt 20 ta nuna min.

Bala: Mitar dijital ko laimar da ke saman batir tana karantawa. Haɗa ƙwan fitila mai zare tsakanin kan batir da bodi. In lambar ta faɗi ƙasa, datti ne da asid. Wanke da ruwan da aka dama bekin soda a ciki, ka bari ya bushe. In ƙwan ya kama, to akwai magana.

Sadiya: Ko a hura da baki, irin na Kabiru.

Kabiru: Haba Anti, ba za a bar zancen nan ba?

Sadiya: Ƙurar kabon ɗin moton lantarki fa ya hura! Ya ɗago, ido kawai ake gani.

Kabiru: Moton ya gyaru ko bai gyaru ba?

Sadiya: Girarka ce ba ta gyaru ba.

Bala: Ai ya yi gaskiya, ƙurar burushin kabon na cikin moto na kai wuta bodi. Amma ku saurara, lambar kanta tana nuna wurin. In kan ja zuwa bodi 24 ne, baƙi kuma 12, ƙirga batir biyu daga baƙin, nan za ka duba. In gefe ɗaya ya ba da 36 cif, bi wayoyi. Cire kowane moto na yankan ciyawa ɗaya bayan ɗaya, jiƙaƙƙiyar ciyawa kan cushe a ciki, sannan inda waya ke gugar ƙarfe, sannan caja...

Sadiya: Malam, lokaci! Mun ce za mu taɓa zancen batirin litiyom.

Bala: Sai wani makon. A dai cire zobe da agogo kafin a kama sifana.