Kwankwasiyya da Gandujiyya: yadda aka kara sau biyu kan kujerar gwamnan Kano

Assalamu alaikum masu kallonmu. Ku riƙe lambobi biyu a ranku kafin mu shiga bayani: 8,982 da 165,663. Ta farko ita ce tazarar da ta ba Abdullahi Umar Ganduje wa'adi na biyu a 2019. Ta biyu kuwa ƙuri'un da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zaftare wa Abba Kabir Yusuf ne a 2023, abin da ya sa kujerarsa ta yi ta tangal-tangal kusan wata huɗu.

Wanda yake kallon siyasar Kano daga nesa zai ce APC ce ta kara da PDP a 2019, sannan ta kara da NNPP a 2023. Haka yake a takarda. Amma ku tambayi mai shayi a Fagge ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ba sunan jam'iyya zai fara ambata muku ba. Cewa zai yi Kwankwasiyya da Gandujiyya. Gidajen siyasa ne guda biyu, kowanne ya tattaro ƙananan gidaje a ƙarƙashinsa, jam'iyya kuma mota ce da ake hawa a sauka idan tafiya ta canja.

Wannan ba sabon abu ba ne a Kano. A jamhuriya ta biyu, PRP ɗaya ce ta dare gida biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi suna tare da Gwamna Abubakar Rimi. Rimi ya fice ya koma NPP, ya tsaya takara a 1983, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi.

Su ma waɗannan gidajen biyu na yanzu, tushensu ɗaya. A 1999 Rabi'u Musa Kwankwaso ya zama gwamna a PDP, Ganduje ne mataimakinsa. Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da su a 2003 ya yi shekara takwas, suka sake dawowa tare a 2011. A ƙarshen 2013 suka koma APC tare, a 2015 Ganduje ya gaji kujerar, Kwankwaso ya tafi majalisar dattawa. Ba a cika shekara ba ɓaraka ta fito fili, lokacin da Kwankwaso ya je ta'aziyyar mahaifiyar Ganduje a watan Maris na 2016. Daga nan jar hula ta fara ɓacewa daga kawunan jami'an gwamnati. A 2018 Kwankwaso ya koma PDP, ya tsayar da Abba, tsohon kwamishinansa na ayyuka.

An yi zaɓen ranar 9 ga Maris, 2019. Da aka tattara sakamako, Abba yana da ƙuri'a 1,014,474, Ganduje yana da 987,819. Tazara 26,655 ke nan, Abba a gaba. Sai hukumar zaɓe ta INEC ta ce zaɓen bai kammalu ba. Kalmar Turanci da ta faɗa ta shiga bakin Kanawa, har yaran da ba su isa zaɓe ba suna ta "inkonkulusib".

A nan mutane da yawa suka ruɗe, don haka mu tsaya. Kundin tsarin mulki ya ce mai neman gwamna sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Kano tana da 44, wato ana buƙatar 30. Wannan sharaɗin bai hana kowa ba. Abin da ya tsayar da sanarwa wata ƙa'ida ce ta INEC: idan masu rajista a rumfunan da aka soke zaɓensu sun fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba a sanar da wanda ya ci, sai an sake zaɓe a waɗannan rumfuna. A Kano an soke rumfunan da masu zaɓensu suka haura dubu ɗari, ciki har da mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa, inda aka yayyaga takardun sakamako a wurin tattarawa.

Niyyar ƙa'idar mai kyau ce, kada a danne wa kowa haƙƙinsa. Sai dai tana da wani rami. Idan ɓata rumfa yana jawo a sake zaɓe, to wanda yake baya yana da riba a ɓata ta. Kuma zaɓen cike giɓi ba irin zaɓen gama-gari ba ne. Kuɗi da jami'an tsaro da 'yan daba waɗanda a da suka watsu a faɗin jiha, yanzu duk sun taru a 'yan unguwanni.

An sake zaɓen ranar 23 ga Maris. Masu sa ido na gida da na waje sun ba da rahoton tarzoma da tsoratar da masu zaɓe. Sakamako na ƙarshe: Ganduje 1,033,695, Abba 1,024,713. Ga 8,982 ɗinmu. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Ganduje a Janairun 2020.

Kafin 2023 sai aka sake zubin ƙawance. Rikici ya ɓarke a cikin APC tsakanin ɓangaren gwamna da wani rukuni da Shekarau yake jagoranta. Kwankwaso ya bar PDP a 2022 ya shiga NNPP, jam'iyyar da kafin nan ba kowa ya san alamarta ta kwandon kayan marmari ba. Waɗanda ransu ya ɓaci a APC suka biyo shi: Kawu Sumaila, Abdulmumin Jibrin Kofa, Kabiru Alhassan Rurum. Shekarau ma ya shigo a watan Mayu, ya fice a Agusta zuwa PDP, har sunansa ya maƙale a jerin 'yan takarar NNPP sai da kotu ta warware. Yawancin waɗanda suka tsaya 'yan Kano ta Kudu ne, kuma sun zo da ƙuri'un karkara, inda a 2019 Abba bai yi ƙarfin da ya yi a birni ba. A ganina wannan haɗakar ce ta sauya lissafi, fiye da duk wani gangami ko waƙar kamfe.

Ranar 18 ga Maris, 2023, Abba ya sami 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC, mataimakin Ganduje, ya sami 890,705. Ku lura, ƙuri'un Abba kusan nan suke inda suke shekara huɗu baya. Na APC ne suka ragu da sama da dubu ɗari da arba'in. Tazarar 128,897 ta yi yawan da ba a zancen cike giɓi.

APC ta tafi kotu. Ranar 20 ga Satumba, alƙalan kotun zaɓe suka yanke hukunci ta manhajar Zoom, ba su zauna a zauren kotun ba. Suka ce takardun ƙuri'a 165,663 babu hatimi ko sa hannun jami'in zaɓe a kansu, suka cire su daga na Abba. Ku yi lissafin: saura 853,939, ƙasa da na Gawuna. A ranar aka sa dokar hana fita. Ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara da cewa Abba ba ɗan NNPP ba ne a lokacin da aka tsayar da shi. Sai kwafin hukuncin ya fito da wani sashe da yake nuna akasin abin da aka karanta a zauren kotu, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Gari ya ɗau zafi.

Tambayar da ta dami mutane ita ce: laifin wa? Tsohuwar da ta fito tun asuba, ta bi layi, na'urar BVAS ta tantance ta, ta dangwala, ba aikinta ba ne buga hatimi a bayan takarda. Aikin jami'in INEC ne. Kuma sashe na 63 na dokar zaɓe ta 2022 ya ba jami'in tattara sakamako damar ƙirga takardar da babu alamar hukuma a kanta, muddin ya gamsu daga cikin kundin da aka bai wa rumfar ta fito.

A kan wannan Kotun Ƙoli ta tsaya ranar 12 ga Janairu, 2024, a hukuncin da Mai Shari'a John Inyang Okoro ya karanta. Ta ce ba a tabbatar da cewa takardun ba na INEC ba ne, ta mayar wa Abba ƙuri'unsa 165,663. Batun ko shi ɗan jam'iyya ne kuwa, ta ce harka ce ta cikin gidan NNPP da ta shafi kafin zaɓe, ba hurumin APC ba ne ta kai ƙara a kai. Da wannan Abba ya ci gaba da zama a gidan gwamnati, wata goma bayan Kanawa sun kaɗa ƙuri'arsu.