Ranar da kiɗan fada ya shigo ɗakin talaka: lacca kan rediyon zamanin da a Sakkwato

Assalamu alaikum. Shugaban zama, iyayena malamai, 'yan'uwa maza da mata. Na baya kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana kan gidajen rediyo da kiɗan da suke sa mana a da. Abu uku na tsara: akwatin kansa, sai makaɗa, sai mu masu saurare.

Akwatin da na buɗi ido na gani a gidanmu, can wajen Ƙofar Marke, National ce mai cin batir huɗu. Baba ya sa baduku ya ɗinka mata riga ta jar fata har da maratayi, kuma ba mai taɓa ta sai shi. In batir ya yi sanyi a fitar da shi a shanya kan katanga, da yamma a mayar, ta ƙara kwana biyu tana magana. Samari kuna dariya, wallahi haka ake yi, ga Alhaji can yana gyaɗa kai. A hankali ake murɗa ta ana neman Kaduna a mita 49, gajeren zango, murya ta zo ta tafi kamar iska ke kaɗa ta. Ka zarce kaɗan ka faɗa Yamai, Muryar Sahel, su ma da nasu goge da gurmi. BBC ta fara Hausa tun 1957, amma wannan ta labarai ce, ba ita ta tara mu yau ba. Gidan rediyon Kaduna a 1962 aka buɗe shi, zamanin Sardauna. Daga baya muka sami tamu ta gida, Rima, mai sunan gulbinmu, wadda ba sai ka yi ta lalube ba, tangaram take shigowa.

To makaɗa. Nan nake so ku ba ni hankalinku.

Kafin rediyo, kiɗan fada na fada ne. Ibrahim Narambaɗa yana Isa, wajen Sarkin Gobir Ahmadu. Salihu Jankiɗi yana nan Kanwuri, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Aliyu Ɗandawo yana Yawuri. In kana so ka ji su sai ka je inda suke, ranar sallah ko naɗin sarauta, ka tsaya bayan dawaki da dogarai ka miƙa wuya. Manomin Yabo ko na Gwadabawa yana iya tsufa ya mutu bai taɓa jin kotson Narambaɗa ba, sai dai labari. Matar kulle kuwa ba a ma magana. Rana ɗaya sai ga akwati ya ɗauko wannan kiɗa ya ajiye shi tsakar gida, kusa da turmi. Innarmu tana tankaɗe tana amshi. Ku tsaya ku auna wannan: waƙar da aka yi wa sarki, ga ta a bakin mai tankaɗe, kuma ta haddace ta tsaf. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, akasarinmu nan ba mu gan shi ba, amma wa zai ce bai san muryarsa ba? Rediyo ta yi wannan.

Kuma akwai abin da ya fi wannan ratsa ni. A makaranta littattafanmu da Hausar gabas aka rubuta su. Ka rubuta "munka", malam ya ja jan biro ya mayar "muka". Ka ce "wanga", a ce "wannan". Yaro har ya fara jin kamar harshen gidansu kuskure ne. To sai ka dawo gida, mai gabatarwa a Kaduna ya gama sanarwa da Hausarsa ta littafi, ya saki faifai, sai ka ji "munka" da "sunka" da "anka" suna fitowa daga akwati, Arewa duk tana saurare, har Gana da Kamaru. Harshen kakata ne ke fita daga Kaduna! Ranar da na fara lura da haka tsigar jikina ta tashi. Da na je karatu Zariya, abokaina Kanawa da Zazzagawa in an sa Sa'idu Faru ko Musa Ɗanƙwairo ni suke zagayewa: "Basakkwace, me ya ce a nan?" In zauna in warware musu habaicin, in nuna musu inda zambo ya ɓuya. Harshen da aka ja wa jan biro, shi ake layi a ji fassararsa. Na ce layi ake yi.

Kuma a lokacin ana barin waƙa ta yi numfashi. Wannan ina so ma'aikatan rediyo da ke cikinmu su ji, na ga biyu ko uku. Waƙar fada gini ce. Akwai gindi, wanda ake komawa gare shi, akwai ɗiya da jagora ke jerowa ɗaya bayan ɗaya, 'yan amshi su karɓe, wani lokaci su yi masa ƙari. Ɗan da zai kashe ka da daɗi sau da yawa yana can wajen na bakwai ko na takwas. In ka yanke ta a minti biyu, ko ka yi ta surutu a kanta kana karanta saƙon waya, me mai saurare ya samu? Gindi kawai. A da sai a sake ta ta tafi minti goma, sha biyar, ba wanda ya ce uffan. A wajen mai shayi a Tsohuwar Kasuwa na ga an tsayar da zuba ruwan zafi don Ɗanƙwairo ya kai wani ɗa da ake jira. Mai shayi da buta a sama, mutum goma shiru, sai da ya sauke aka ce "Allah ya jiƙan maza", sannan shayi ya zuba. Shi ma Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa.

Shugaba yana nuna mini agogo. To, a gurguje. Ba fada kaɗai ba: Ɗan'anace da kalangunsa yana wasa Shago da sauran 'yan dambe, Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta, Gambu da tasa irin waƙar ta ɓarayi, wadda Baba ke rage murya in an sa. Daga gabas Shata, Ɗanmaraya da kuntigi, Haruna Uji da gurmi, Barmani Choge ta mata da ƙwarya. Kowane ɗaya lacca ne.

Na huɗu, au, na uku ne ko? Masu saurare. Shirin gaisuwa na Zaɓi Sonka. Ka sayi kati, ka jero sunaye tun daga iyaye har abokin da ya tafi cin rani Ikko, ka kai gidan waya, ka yi sati biyu kunnenka na jikin akwati. Ranar da aka kira sunanka unguwa duk ta sani. Har ƙungiyoyi aka kafa, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka ƙulla zumunci ta gaisuwar rediyo... Na ga hannu. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba: Baba, duk waɗannan faya-fayan da kake faɗi, yanzu ina suke? Mu guntaye kawai muke gani a waya.)

Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Wasu suna ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, a kan manyan faya-fayan tef. Tef kuwa ba ya shiri da zafi da ƙura, kin kuwa san zafin Sakkwato a watan Afrilu. Yana manne wa juna, ya bushe, ya karye. Wasu an juye an sa a YouTube, shi ne guntayen da kike gani. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihin makaɗan da matanin waƙoƙi da dama, amma takarda ba ta kiɗa kotso. Sauran kuma, 'yata, suna gidajenku. Da rakoda ta zo, iyayenku sun yi ta ɗauka daga rediyo kai tsaye, yatsa a kan jan maɓalli ana jiran mai gabatarwa ya yi shiru. Ni ina da kwali biyu, wani kaset ɗin har kukan akuyarmu ya shiga ciki. Ki koma gida ki duba ƙarƙashin gadon kakanki. In kin samu kada ki sa shi a rakoda tukuna, ki zura biro ki juya a hankali ki ga ko zaren yana tafiya. Ku ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ku kuka iya kwamfuta, ku juye, ku rubuta sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar tun masu sani suna raye, ku kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Kwalayena biyu da su za a fara. An kira la'asar, ki same ni nan bakin ƙofa bayan salla mu sa rana.