Furfura Ba Rigakafi Ba Ce

Jama'a masu sauraro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an kamu da ciwon sanyi da tunjere da wasu cututtuka biyu na jima'i masu warkewa har sau miliyan 374, wato sama da miliyan ɗaya kowace rana. Sai dai ku dubi waɗanda aka ƙirga: 'yan shekara 15 zuwa 49 kawai. Da an kai 50 sai a ajiye alƙalami. Abin da ke ɓata mini rai ke nan, domin haka wa'azin lafiya yake tafiya, haka tambayoyin asibiti suke tafiya, sai ka ce wanda ya yi furfura ya yi sallama da shimfiɗa.

Alhali kowa ya san ba haka ba ne. Mutum matarsa ta rasu, ya sake aure yana da shekara 65. Mace aurenta ya mutu bayan shekara talatin, ta samu wani. Tun 1998 da aka amince da maganin ƙarfin maza na Viagra a Amurka, maza da yawa da suka haƙura suka dawo. A Amurkar kuwa, fiye da rabin waɗanda aka tabbatar suna ɗauke da ƙwayar HIV sun kai 50 ko sun haura. Furfura ba rigakafi ba ce.

Hasali ma jikin babba ya fi sauƙin kamuwa. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin da ke riƙe danshi da kaurin fatar gabanta yana raguwa, fatar ta yi siriri, ta bushe, ta riƙa tsagewa ƙanana-ƙanana lokacin saduwa. Ta nan ƙwayar cuta ke shiga. Garkuwar jiki kuma ta ja baya. Duk da haka a daidai wannan lokaci ne ake jefar da kwaroron roba, wai ai ba sauran zancen ciki. Kwaroron yana hana ciki, yana kuma hana cuta, aikinsa na biyu bai ƙare ba.

Wasu za su ce rashin ɗa'a ne a yi wa dattawa irin wannan magana a rediyo. To, a bar su su mutu da kunyarsu ke nan? Wannan ba girmamawa ba ce, sakaci ne.

Ku dubi tunjere. Kamar mako uku bayan an ɗauka, ƙurji ɗaya ke fitowa a gaba ko a baki, ba ya zafi, ya warke da kansa cikin mako uku zuwa shida. Mai shi ya ce ya wuce. Bayan haka ƙuraje su feso a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace. Cutar tana nan kwance shekaru, sai ta taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ido. Idan tsoho ya fara mantuwa da layi wajen tafiya, wa zai kawo tunjere a ransa? Sai a ce tsufa ne. Haka HIV: rama, kasala, zazzaɓi mai kai-komo, duk a ɗora wa shekaru, har sai an makara. Ita kuwa cutar tunjere da allurar fenisilin ɗaya ke warkarwa a farkonta, sai ta koma allura uku a mako uku, kuma ɓarnar da ta riga ta yi ba lallai ta gyaru ba. Na sake faɗa: furfura ba rigakafi ba ce!

Abin yi bai da wuya. Kafin fara zama da sabon abokin rayuwa, ku biyun ku yi gwajin jini na HIV da tunjere da ciwon hanta nau'in B, da gwajin fitsari ko na ruwan gaba domin ciwon sanyi. Gwajin HIV na nan take zai iya kasa gano cutar har kwana 90 bayan kamuwa, don haka a maimaita bayan wata uku. Wanda ba shi da ciwon hantar ya karɓi rigakafinsa, allura uku cikin wata shida.

Kwaroron roba kuma a duba ranar lalacewarsa, a matse kansa iska ta fita, a sa shi kafin jiki ya haɗu da jiki, a riƙe gindinsa wajen janyewa. Idan akwai bushewa, a nemi abin santsi mai ruwa a kantin magani. Man shafawa ko basilin yana cinye robar ta fashe. Kada a sa kwaroron roba biyu a lokaci guda, gogayya ke yaga su. Namijin da ƙarfinsa ke faɗuwa idan ya sa, ya gaya wa likita, musamman mai shan maganin ciwon ƙirji, domin haɗa wasu magungunan zuciya da Viagra na iya faɗar da awon jini ƙasa warwas, har ya zama haɗari.

Idan an yi kuskure da wanda ake shakka, akwai maganin kariya daga HIV da ake farawa cikin awa 72, a sha kwana 28. Idan kuma gwaji ya nuna ciwon sanyi, a yi wa mutum biyun magani tare, a dakata da saduwa kwana bakwai, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna. Ku kuma ma'aikatan lafiya, tambayar da kuke yi wa ɗan shekara 25 ku yi wa ɗan shekara 70, a keɓe, cikin mutunci, ba a gaban 'ya'yan da suka rako shi ba.