Sharhi: Takardar da ke biyo bayan tiyatar sankarar mama

Jama'a masu saurare, idan mace mai sankarar mama ta sha ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na watanni, gashi ya zube, jiki ya yi laushi, sannan aka yi mata tiyata lafiya, sai 'yan uwa su yi hamdala su ce an rabu da ciwo. Hamdala ta dace, amma da sauran rina a kaba.

A asibitocinmu mata da yawa kan zo ne bayan ƙullutun ya girma, shi ya sa ake fara ba su kemo domin ya motse kafin a sa wuƙa. Abin da aka ciro, naman mama da kaluluwar hammata, ana kai shi ɗakin gwaji, likita ya yanka shi siriri ya duba ƙarƙashin madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Idan bai ga ƙwayar daji mai rai ba, labari ne mai daɗi ƙwarai, musamman a nau'o'in da suka fi saurin bazuwa. Idan ya ga saura, sai a tambayi yawanta.

A shekarar 2007 likitocin cibiyar MD Anderson da ke Amurka suka fito da ma'auni kan haka. Suna duba faɗin wurin da ciwon ya zauna, yawan ƙwayoyin da suka tsira, kaluluwa nawa ya kama, da girman abin da ke cikinta. Daga nan ake kimanta haɗarin ya ɓulla a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Kimantawa ce kawai, sanin gaibu sai Allah, amma tana sauya magani. Binciken da aka yi a Japan da Koriya ta Kudu, aka wallafa a 2017, ya nuna ƙara maganin haɗiya mai suna kafesitabin ga waɗanda aka samu saura a jikinsu na ƙara damar rayuwa. Masu nau'in HER2 kuma, wato sankarar da wani sinadari mai wannan suna ya yi yawa a ƙwayoyinta yana sa su saurin girma, suna da nasu maganin, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Abin da ke ci mini rai shi ne sakamakon da ake bari a asibiti ba a karɓa ba, saboda kuɗin gwaji ko nisan gari. Maigida, kai da ka sayar da sa ka biya kuɗin tiyata, ka koma ka karɓo takardar nan, ku zauna da likita ku tambaye shi: an samu saura? Wane nau'i ne? Me ya rage a yi? Gwamnatoci kuma su sa wannan gwaji cikin inshorar lafiya, su ƙara likitocin da ke yin sa.